Ku Rufe Shagon Gem Ɗin, Amma Ku Fara Faɗa Mani Inda Yaran Za Su Je

Ranar Asabar da ta wuce aka kira mu taron iyaye da malamai a makarantar da nake koyarwa, nan cikin Damagaram. Abin da ya tara mu ba mai daɗi ba ne. Yara biyu ƴan aji ɗaya sun yi faɗa, ɗaya ya fasa kwalba ya yanki ɗan'uwansa a goshi, sai da aka yi masa ɗinki bakwai a asibiti. Da kwalbar ta ƙara sauka kaɗan, da ido ta samu. Faɗan ya faru ne a ƙofar wani shagon gem da ke bayan katangar makaranta, saboda haka kafin a yi awa ɗaya taro ya gano mai laifi. Aka ce a rubuta takarda zuwa ga magajin gari a rufe shagon, domin wasan faɗan da yara ke bugawa a ciki shi ne ya koya musu zubar da jini.

Da aka ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu, ni kaɗai na ɗaga. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ƙwarai ya juyo ya dube ni ya ce, "Mushe, ashe kai ma ɗan gem ne?" Aka yi dariya. Na ce, "E, Baba Alhaji, ni ma na buga, kuma ga ni ban taɓa yankar kowa ba." Ba a ba ni damar ƙarasawa ba, aka shafa fatiha aka tashi. Abin da ban samu faɗa a can ba shi zan faɗa a nan.

Na tambayi mutum shida daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, bayan an fito, wane wasa ne suke so a hana. Babu wanda ya san sunansa. Babu wanda ya taɓa leƙa shagon. Wata Hajiya ta ce mani ita dai ta ji ana kashe mutane a ciki. To, jama'a, ko alƙalin ƙauye ba ya yanke hukunci sai ya ga fuskar wanda ake ƙara.

Wasan da yaran nan biyu suka buga a ranar sunansa Street Fighter, kuma na san shi tun ina ƙarami. Wani yayanmu da ke fatauci zuwa Kano ne ya kawo mana na'urar Sega da kaset ɗaya tak, muka riƙa jona ta da talabijin ɗin gidan maƙwabta duk ranar da akwai wuta. Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya yi wasan. Na farko ya fito a 1987 bai yi wani tashe ba. Na biyun, Street Fighter II, shi ne ya girgiza duniya a 1991. Asalinsa babban akwati ne mai tsawon mutum da ake ajiyewa a gidajen wasa, ka jefa kwabo ka buga, in an kayar da kai ka matsa na bayanka ya jefa nasa. Daga baya aka sauko da shi cikin na'urorin gida: Super Nintendo a 1992, inda aka sayar da fiye da kaset miliyan 6, sannan Sega a 1993. Wanda yaran yanzu suke bugawa jikansa ne ko tattaɓa-kunnensa, don na shida ya fito a 2023, amma ƙashin wasan bai canza ba.

Ga yadda yake. Mutum biyu suna fuskantar juna a allo. A saman kowa akwai wata sanda mai nuna ƙarfinsa, yara suna ce mata "jini". Duk bugun da ya same ka tana raguwa, in ta ƙare ka faɗi. Agogo yana ƙirgawa daga 99 zuwa sifili, in lokaci ya cika ba wanda ya faɗi, mai sauran ƙarfi ya ci. Wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ne gwani. Na ce turmi da gangan, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san wannan tsari. Turmi uku ne a dambe, kuma in ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, cewa muke yi "ya kashe shi", mu yi ta sowa, makaɗi ya wasa shi, mu liƙa masa kuɗi. Mu ne muke saɓa ƴaƴanmu a kafaɗa mu kai su filin kokawa na Langa-Langa su ga ƙato ya ɗaga ƙato ya maka da ƙasa. In lokacin kokawar takobi ya zo, wadda ake yi tun 1975, gari kan tsaya cik, kowa kunnensa na kan rediyo. Ban taɓa jin an kira taron iyaye an ce Issaka Issaka ne yake lalata tarbiyya ba. A filin dambe jinin na gaske ne, haƙorin da ya fita ba ya komawa. A Street Fighter wanda aka kayar yakan tashi garau a turmi na gaba, iyaka a nuna hoton fuskarsa ta kumbura in wasa ya ƙare.

Abin da wanda bai taɓa riƙe manet ba ba zai gane ba shi ne, wannan wasa mai fushi ba ya cin sa. Maɓallai shida ne, uku na naushi, uku na shuri, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Bugu mai nauyi ya fi cin ƙarfin abokin gaba, amma in ka kai shi bai samu ba, ka buɗe jikinka ke nan, sai an rama kafin ka dawo daidai. Kariya kuwa ja da baya ce: ka danne baya, bugun ya tsaya a hannunka. Yaron da ya shigo da zafin kai yana ta danne-danne kamar mai kiɗan kalangu, cikin daƙiƙa kaɗan za a gama da shi, ya miƙa manet ya koma layi. Wanda yake ci shi ne mai haƙuri, mai karanta ɗabi'ar abokinsa, wanda ya lura cewa wancan duk ya ji matsi sai ya yi tsalle, sai ya jira shi a ƙasa.

Mutum takwas ne ake zaɓa a wasan 1991, kuma kowa da halinsa. Ryu na Japan da abokinsa Ken na Amurka su ne masu jefa ƙwallon wutar nan da yara suke kwaikwayo da hannu a tsakar makaranta. Ba ta fita sai ka murza ƙasa, ƙasa-da-gaba, gaba, sannan naushi, a jere ba tangarɗa. Na yi sati biyu babban yatsana yana ciwo kafin ta fara fita mani. Guile sojan Amurka ne, shi kuma makaminsa ba ya tashi sai ka danne baya na ɗan lokaci ka tara shi, don haka mai buga shi dole ya iya zama ya jira. Zangief ɗan kokawa ne daga Tarayyar Sobiyet, ƙato mai nauyin jiki, ba shi da abin jifa, sai ya sha duka yana matsowa taki ɗaya-ɗaya har ya samu ya cafke ka, in kuwa ya cafke ka an gama. Shi nake ɗauka, don ya fi kama da ƴan kokawarmu. Dhalsim na Indiya hannuwansa da ƙafafunsa suna miƙewa su same ka daga nesa, amma in ka shige masa jiki ba shi da ta yi. Akwai E. Honda ɗan kokawar sumo, da Blanka na Barazil mai sakin lantarki, sai mace ɗaya tilo, Chun-Li ta ƙasar Sin, ƴar sanda mai neman wanda ya kashe mahaifinta, wadda ta fi kowa zafin nama. Kowane ɗaya yana da wanda yake ba shi wahala da wanda yake wa sauƙi. Ni dai abin da ya fi kama da shi a wurina shi ne dara: ka san gidanka, ka san na abokinka, ka yi masa tarko.

Kada a ce ina yi wa shagon gem talla. Ina zuwa kan laifinsa. Amma bari mu fara gama maganar faɗan nan, tun da shi ya tara mu.

Na zauna da yaran biyu, kowa daban. Abin da ya haɗa su kuɗi ne. Sun yi caca a kan wasan, dala 40, wato sefa 200. Wanda aka ci ya ce manet ɗinsa maɓalli ɗaya ba ya aiki, ba zai biya ba. Aka fito waje, aka zagi uwa, abokai suka yi ta zuga, kwalba tana kusa. Da a kan karta ne, ko ludo, ko ƙwallon Barcelona da Real Madrid, haka za a yi, kuma kowa a cikinmu ya san an sha yi. Sai na tambaye su ƙarfe nawa abin ya faru. Goma da rabi na safe, ranar Talata. Me ya fitar da ku daga aji? Suka ce malamin awa biyun nan bai zo ba, kuma sati na uku ke nan. Me ya sa ba wanda ya hana ku fita? Suka dube ni kamar na yi tambayar wauta, don katangar bayan makaranta ta faɗi tun damina, akuya ma shiga take ta fita.

Wannan magana ba ta fito a taro ba. Ba wanda ya tambayi inda malami yake, don mu malamai ne muke zaune a gaba muna rubuta sunayen masu magana. Ba wanda ya tambayi inda yaro ɗan shekara 14 ya samu kuɗin caca, ko ya aka yi uba bai san ɗansa ba ya aji sati uku ba, don iyayen ne suke da rinjaye a ɗakin. Mai shago kaɗai ne ba ya nan, saboda haka shi aka ɗora wa kayan. An bar jaki ana dukan taiki. Ni kuma ba na cire kaina: ajina ya haura yara 80, akwai waɗanda har yau ban riƙe sunansu ba, kuma in ɗaya ya ɓace kwana uku ba lalle in lura ba. Abokin aikin nan namu da bai zo ba ɗan kwantaragi ne, na kuma san yana kabu-kabu da safe don kuɗin da yake samu ba ya kai shi ƙarshen wata. Ban wanke shi ba. Ina dai cewa rufe shago ba zai dawo da shi aji ba.

Mu mutanen Damagaram ba ma buƙatar wani ya zo daga Japan ya koya wa ƴaƴanmu faɗa. Mun san ƴan pale. Mun ga samari suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota, mun ga tabon adda a jikinsu, mun san me taramol yake yi wa yaro. Ƴar garin nan, Aïcha Macky, ta shiga Kara-Kara da kyamara ta fito da fim mai suna Zinder a 2021, duniya ta kalla. Duk wanda ya ga fim ɗin ya ga abin da ya haifi waɗannan samari: unguwar da aka ware tun asali don kutare da waɗanda gari ya ƙi, rashin makaranta, rashin aikin yi, da fasa-ƙwaurin man fetur a matsayin sana'a alhali matatar SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011. Ban ga manet a hannun kowa ba a cikinsu. Ranar 16 ga Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a garin nan, ba daga shagon gem aka fito ba. Ƙasar da ta ƙera wasan kuwa, Japan, tana cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci a duniya. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, bayan shekaru tana bin maganar, ta faɗa a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ta danganta irin waɗannan wasanni da aikata ta'asa, ko da yake ta yarda akwai ƴar alaƙa da ƙananan abubuwa irin su tsawa da ture-ture.

Yanzu ga inda nake tare da Hajiyar da ta ce ana kashe mutane a ciki. Ba ta san sunan wasan ba, amma ba ƙarya ta ji ba. A cikin na'urar shagon akwai wani wasan daban, Mortal Kombat, kuma iyaye su riƙe wannan suna. Kamfanin Midway na birnin Shikago ne ya fito da shi a 1992 don ya ja kasuwa da Street Fighter. Maimakon zane, sai suka ɗauki hoton mutane na gaske suka saka, suka ƙara jini, sannan suka ƙirƙiro abin da ya sa ya yi suna: in ka kayar da abokin gaba, ana ba ka dama ka ƙarasa shi. Ɗaya yakan fizge kai har da ƙashin baya. Wani yakan zura hannu ya ciro zuciya, kuma don abin haushi sunansa Kano, ko da yake ba abin da ya haɗa shi da Kanon Dabo. Wannan ba dambe ba ne, don ɗan dambe in ya kayar da kai ja da baya yake yi. Amurkawa da kansu abin ya ɗaga musu hankali. A Disamban 1993 majalisar dattawansu ta zauna a kai, Sanata Joe Lieberman da Herb Kohl suna jagora. Amma ku lura da abin da suka yi: ba su rufe shaguna ba. A 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kwalin kowane wasa, Turai ma ta yi tata a 2003. Mortal Kombat na zamanin nan, wanda hotonsa ya kusa zama kamar fim, a Turai 18 aka rubuta masa.

Mu a nan wasan ba ya zuwa da kwali. Ana loda shi ne cikin na'ura tare da wasu ashirin ko talatin, ba lamba, ba gargaɗi, kuma ɗan shekara takwas da dala biyar a hannunsa zai zauna ya buga abin da Bature ya hana ɗansa ɗan shekara 17. Na shiga shagon na gani da idona. Wannan laifi ne, kuma na mai shago ne. Caca a cikin shagonsa laifinsa ce. Karɓar yaro sanye da kayan makaranta da ƙarfe goma na safe laifinsa ne. Akwai kuma abin da ya fi jini damuna, wato lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ta ce alamarta ita ce mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. Ina da ɗalibai biyu ko uku da na san wannan bayani ya hau kansu, birbe tana tafe, su kuwa sai gyangyaɗi a aji. Sai dai su ɗin ba a shago suke kwana ba. A waya suke bugawa, cikin ɗaki, ƙarfe biyu na dare, da wayar da uba ya saya da kuɗinsa. Shagon gem aƙalla yana da ƙofa a buɗe, yana da lokacin rufewa, kuma kowane uba zai iya tsayawa a bakinsa ya ga ɗansa. Ku rufe shi, yaran su koma waya ko su koma fada bayan gari inda ba babba ko ɗaya. Wanne kuka fi so?

Tun da ana maganar laifin wasa, ni ma ina da ƙorafina a kan Street Fighter, kuma ba na jini ba ne. Kafin kowane faɗa ana nuna taswirar duniya, ƙaramin jirgi yana tashi daga ƙasa zuwa ƙasa: Japan, Sin, Indiya, Barazil, Amurka, Sifen, Tailan. Ina yaro na yi ta jiran ranar da jirgin nan zai sauka a Afirka. Bai taɓa sauka ba. A 1993 aka ƙara mutum huɗu, baƙin cikinsu daga Jamaika yake. Sai a 1997, a wasa na uku, aka saka wata Elena daga Kenya. Shi kuma Ba'indiyen an rataya masa ƙoƙunan kai a wuya, ɗan Barazil an mai da shi kore kamar dodo. Haka mai ƙera abu yake zana sauran duniya yadda ya ga dama. Mu da muke da dambe, da kokawa, da sharo, da ƴan tauri, mu da Sarki Tanimu ya ƙera bindigogin igwa a cikin garin nan tun kafin Bature ya iso, ba mu da ko wasa ɗaya da yaro zai ɗauki ɗan damben Damagaram ya kara da na Gobir. Muna da jami'a a garin nan. Yaron da ya haddace murza-murzar mutum takwas ba daƙiƙi ba ne, kuma da akwai mai nuna masa yadda ake rubuta irin wannan a kwamfuta, da wataƙila wani labari ake yi. Wani saurayi Musulmi daga Lahor ta Pakistan, Arslan Ash, a irin waɗannan shaguna ya koyi wasan Tekken, ya je ya ci babbar gasar duniya ta Evo a 2019. Ban ce ɗanka zai zama shi ba, Alhaji. Ɗanka ya ci birbe tukuna.

Na taɓa gwada abu ɗaya a aji. Na zana taswira a allo na ce wa yara su nuna mani ƙasar Zangief. Hannuwa suka tashi, har na ƴan bencin baya da ba su taɓa ɗaga hannu ba. Daga nan na tambaye su me ya sa ƙasar ba ta cikin taswirar yau, muka shiga labarin rushewar Tarayyar Sobiyet a ƙarshen 1991, shekarar da wasan ya fito. An buga ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Jiya da la'asar na koma wurin mai shagon. Saurayi ne da ya yi bak bai samu ci gaba ba, talabijin uku da na'ura uku su ne jarinsa, da su yake ciyar da mahaifiyarsa. Ya ji labarin takardar, jikinsa duk ya yi sanyi. Na ce masa, "Ƙanena, ni ba zan iya kare ka ba sai ka kare kanka." Na faɗa masa abu huɗu: kada ya buɗe sai an tashi makaranta, ya rufe lokacin salla da kuma bayan isha'i, duk wanda ya sa kuɗi a kan wasa ya kore shi, Mortal Kombat kuma ya goge shi daga na'urar da ƙanana ke zama. Ya yarda da uku nan take. Na huɗun ya yi ta jan ƙafa, don shi ne ya fi kawo masa ciniki, amma ya ce in iyaye za su bar shi ya ci abinci, zai goge.

Takardar magajin gari tana nan a ofishin darakta, ba a sa mata hannu ba tukuna, sai an sake zama Asabar mai zuwa. Na roƙi a gayyato mai shagon ya yi magana da bakinsa, na kuma roƙi a saka maganar katanga da ta awa biyun ranar Talata cikin abin da za a tattauna. Baba Alhaji kuwa na aika masa cewa kafin taron zan biyo in ɗauke shi a babur mu leƙa shagon tare, ko minti goma ne. Ya aiko cewa zai duba.